Yadda za ka zaɓi fentin kariya na rufi da bango

Yawancin masu gida ba sa tunawa da rufi sai ranar da suka ga tabon ruwa a silin, ko fentin bango ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon itace. A ranar ce ake garzayawa a sayo bokitin da aka rubuta wa "maganin yoyo", a kira mai fenti ya laɓta, a koma a kwanta. Ruwa biyu uku, tabon ya dawo, a ce an sayar wa mutum jabu. Wani lokacin jabun ne. Amma sau da yawa kayan mai kyau ne, wurin da aka shafa shi ne ba nasa ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, ba a fara zaɓen fenti a gaban kanta. A kan ginin ake farawa, domin fuskar da za a shafa da hanyar da ruwa ke bi su ne za su faɗa maka abin da za ka saya.

Mataki na farko: bi sawun ruwan

Ka hau rufin da rana, ka sake hawa bayan an ɗauke ruwa. Inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lallai ne nan ya shigo ba, yana iya bin katako ko ƙarfe ya yi tafiyar mita biyu uku kafin ya sauko. Wuraren da ya kamata ka fara zargi su ne mahaɗar kwano da kwano, kan kusoshi, inda rufi ya haɗu da bango, kewayen bututun da ya huda rufin, da bakin indararo. Tsakiyar rufi ba kasafai take yoyo ba.

Idan rufin kankare ne shimfiɗaɗɗe, duba ko ruwa yana kwanciya. A wannan sana'a, ruwan da ya wuce awa 48 a kan rufi bayan an ɗauke sama ana ɗaukarsa matsala. Ka zagaye wurin da alli, domin wannan abu ɗaya zai iya canza maka zaɓi gaba ɗaya. Rufin da ake kira shimfiɗaɗɗe ma yana bukatar gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, zuwa mafitar ruwa. In babu gangarar, gyara ta ya fi kowane fenti amfani.

A bango kuma, dubi inda danshin yake. In daga sama yake saukowa, to kan katangar ne ya tsage ko indararo ke zuba a jikinta. In daga ƙasa yake tasowa, ya tsaya wajen mita ɗaya ko ƙasa da haka, da farin gishiri yana fitowa a jikin filasta, to ruwan ƙasa ne bangon ke tsotsa ta harsashin gini. Wannan babu fentin da zai magance shi. Kana rufe shi da fenti mai toshewa, danshin zai ƙara hawa sama yana neman mafita, ko ya ɓullo ta cikin ɗaki. Sai an gyara magudanar ruwan da ke gindin bangon, ko an sa shingen danshi a cikinsa, sannan a zo maganar fenti.

Tsaga ma iri-iri ce. Siririya kamar gashi, wadda ba ta kai milimita 0.3 ba, yawanci ta filasta ce kawai, fenti mai miƙewa yana iya rufe ta. Wadda take da faɗi, ko take tafiya a karkace kamar matakala, ko kake ganin tana ƙaruwa, wannan maganar injiniya ce. Ka sa alama da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan wata guda ka gani ko ta wuce alamar.

Mataki na biyu: gane abin da za ka shafa wa

Kwano. Kwanon rufi na ƙarfe yana zuwa da rigarsa tun daga masana'anta, ko dai tutiya zalla, ko haɗin alminiyom da tutiya, wanda alminiyom ke da kashi 55 cikin 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga, ba ya shiri da tutiya. Man da ke cikinsa yana haɗuwa da tutiyar ya zama wani abu kamar sabulu a tsakaninsu, sai fentin ya saki yana zubewa falle-falle. Ni kaina na taɓa ganin wannan a rufin da na sa aka yi mini, cikin shekara guda fentin ya fara tashi, alhali kwanon sabo ne ful. Kwano mai tutiya yana bukatar shafen farko, wanda masu fenti ke kira firaima, da aka rubuta ƙarara cewa na ƙarfe mai tutiya ne.

Kwano kuma yana motsi. Ƙarfe mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana miƙewa kusan milimita 5, alminiyom kuwa kusan 9. Kullum haka yake yi, ya miƙe da rana ya tsuke da dare. Wannan motsi ne ke sassauta kusoshi yana buɗe mahaɗa. Saboda haka duk abin da za ka shafa a mahaɗar dole ya zama mai miƙewa, abu mai tauri tsagewa zai yi.

In ginin yana kusa da teku ko masana'antu, tsatsa ta fi sauri. Ƙa'idar ISO 12944 ta kasa muhalli gida-gida, daga C1, wato cikin ɗaki busasshe, zuwa C5 da CX na wuraren gishiri da hayaƙi mai tsanani. Kamfanonin kirki suna rubuta ajin da kayansu zai iya ɗauka.

Kankare da filasta. Sabon siminti yana da kaifin sinadari, ma'aunin pH ɗinsa na kaiwa 12 zuwa 13, kuma cike yake da ruwa. Ana jira aƙalla kwana 28 kafin a shafa masa yawancin fenti, sannan a fara da firaima mai jure wannan kaifi. Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko kankare ya bushe. Yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ka manne ta a jikin kankaren da salatif ta ko'ina, ka bar ta awa 16. In ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar, ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. Ka ƙara haƙuri.

Tsohon fenti. Goga tafin hannunka a bango. In ya fito da gari, fentin ya mutu, sabo ba zai kama a kansa ba sai an wanke an sa firaima mai ɗaure garin. Sannan ka yi ƙoƙari ka san irin abin da aka shafa a baya, musamman a rufi. Za ka ga dalili nan gaba.

Mataki na uku: san halin kowane kaya

A nan ya kamata a ɗan zauna, domin nan ake yawan yin asara.

Akrilik shi ne wanda aka fi sani. Da ruwa ake haɗa shi, ba shi da wari mai tsanani, yana jure hasken rana sosai, kuma yana barin tururin danshi ya fita ta jikinsa. Akwai na bango na yau da kullum, akwai kuma mai kauri mai miƙewa kamar roba, na rufi da na bango mai siraran tsagogi. A rufi mai gangara, na kwano ko na kankare, shi nake fara ba da shawara. Lagonsa ɗaya: ba ya son ruwa ya kwanta a kansa. Inda ka zagaye da alli ɗazu, akrilik zai yi laushi, ya kumbura, ya saki. Kuma yana bukatar sa'o'i na bushewa ba tare da ruwan sama ko raɓa ba.

Silikon shi ne amsar kwantaccen ruwa. Ruwa zai iya zama a kansa ba ya damuwa, rana ma ba ta cinye shi da sauri. Amma ka shiga da idonka a buɗe. Yana kama ƙura, farinsa yana dusashewa. Yana da santsi sosai in ya jiƙe, wanda haɗari ne ga mai hawa. Yana yagewa in ana jan abu mai kaifi a kansa. Babban abin kuma, kusan babu abin da ke kama jikin silikon sai silikon. Ranar da ka shafa shi, ka ƙulla aure da shi ke nan, duk gyaran da za a yi nan gaba da shi za a yi, ko a kankare shi gaba ɗaya. Shi ya sa na ce ka binciki abin da ke kan rufin tun farko.

Foliyuretan ya fi su ƙarfin jiki. In rufin wuri ne da ake takawa, ana shanya, ana hawa duba tankin ruwa ko faranten sola, shi ya fi dacewa. Iri biyu ne: aromatik, wanda rana ke sa shi rawaya ta kuma ci fuskarsa, da alifatik, mai jure rana. Yawanci ana sa na farko a ƙasa, na biyu a sama. Sharaɗinsa shi ne busasshen wuri. In kankaren yana da danshi, sinadarin da ke cikinsa yana haɗuwa da ruwan ya fitar da iska, sai ka ga fuskar ta yi ƙuraje. Gwajin leda a nan wajibi ne. Warinsa kuma yana cutar da huhu, takunkumin ƙyalle ba ya isa, sai mai matatar sinadari.

Kwalta tsohon hannu ce, tana tare ruwa, kuma ba ta da tsada. Wurinta na gaskiya shi ne inda rana ba ta gani: jikin harsashin gini da za a binne, ko ƙarƙashin tayil. In aka bar ta a fili, tana zuƙar zafi, rana tana busar da ita har ta farfashe. In dole ne a yi amfani da ita a rufi, a rufe ta da fenti mai alminiyom ko wanda aka yi domin hawa kan kwalta. Farin fenti na yau da kullum a kan kwalta, man cikinta zai huda shi ya mayar da shi ruwan ƙasa.

Akwai mai siminti, wanda ke zuwa gari da ruwansa a haɗa. Kyansa shi ne yana kama kankare mai ɗan laima, don haka ya dace da banɗaki, tankin ruwa, baranda kafin a sa tayil. Miƙewarsa ba ta kai ta sauran ba, kada ka dogara da shi a inda gini ke motsi sosai.

Ifoksi yana da tauri da kamu, yana da kyau a matsayin firaima a kan ƙarfe ko a daɓen ƙasa. A fili ƙarƙashin rana kuwa gari yake yi, kuma ba ya miƙewa. Kada ya zama shi ne rigar sama a rufi.

Yanzu bango. A nan ne tunanin rufi ke yaudarar mutane. Rufi ana so a tare ruwa ƙaf. Bango kuwa ana so ya kori ruwan sama amma ya bar danshin cikinsa ya fita, wato ya yi numfashi. Girki, wanka, har numfashin mutanen gida, duk danshi ne da wani ɓangarensa ke ratsa bango. In ka lulluɓe waje da abin da ba ya barin tururi ya wuce, ruwan zai taru a bayan fentin ya tura shi waje. Kumburin da kake gani a bango, wanda in ka huda ruwa ke fitowa, labarinsa ke nan.

Saboda haka, ga filastar siminti mai lafiya, akrilik na waje mai inganci ya wadatar. Ga mai siraran tsagogi, akrilik mai miƙewa. Ga jan bulo ko dutse da ba ka so ka ɓoye kyansa, akwai ruwan silen da siloksen, marar launi, wanda ke nutsewa cikin ƙofofin bulon ya sa ruwa ya riƙa gangarewa, ba tare da ya yi fata a sama ba. Sai dai ba ya rufe tsaga, kuma ana sabunta shi bayan wasu shekaru. Akwai kuma fentin silikat, wanda wani Bajamushe, Adolf Wilhelm Keim, ya yi wa rajista a 1878. Shi ba mannewa yake yi ba, haɗewa yake da jikin filastar ya zama ɗaya da ita, shi ya sa ba ya ɓarewa. Yana bukatar fuskar da ba a taɓa shafa mata fentin roba, irin su akrilik, ba. Ginin ƙasa da tsohon gini mai farar ƙasa kuwa, ina roƙonka, kada ka sa masa fentin roba ko filastar siminti mai tauri. Danshi zai maƙale a ciki ya ruɓar da bangon daga ciki alhali waje yana sheƙi. Farar ƙasa da makamantanta masu numfashi su ne abokan zamansa.

Mataki na huɗu: launi

A rufi, launi ba ado ba ne kawai. Baƙin rufi a tsakar rana mai zafi yana iya kaiwa digiri 65 ko fiye. Sabon farin shafe yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana, yana iya rage zafin fuskar rufin da digiri 20 zuwa 30. Ɗaki zai yi sauƙi, kwanon zai rage miƙewa da tsukewa, shafen kansa zai fi daɗewa. In ka ga lambar SRI a jikin bokiti, ma'aunin wannan ne: baƙi na misali 0, fari na misali 100. A ƙasashe masu dogon sanyi ribar ba ta kai haka ba, amma duk inda zafi ne damuwa, fari ko mai haske za ka ɗauka.

In kana tara ruwan rufi domin sha, nemi kayan da aka rubuta an amince da shi ga ruwan sha. Wasu fentin suna ɗauke da maganin kashe gansakuka da funfuna wanda ruwa ke wankowa a hankali.

Mataki na biyar: lissafin kauri

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki bai sani ba. Rufi zai iya yin fari tas alhali kaurin shafen bai kai rabin abin da ake bukata ba, kuma kaurin ne ke tare ruwa, ba launin ba.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya, wato maikiron 1,000, yana ɗanye. In ya bushe, ruwan ciki ya tafi, abin da ya rage shi ne daskararren ɓangaren. Takardar bayanin kayan tana faɗin kashi nawa ne wannan. A ce ana bukatar maikiron 500 busasshe a rufi mai murabba'in mita 100. Kaya mai daskararren kashi 50 zai ci lita 100. Mai kashi 90 zai ci kusan lita 56. Ka ga ke nan bokitin da ya fi araha yana iya zama shi ne mafi tsada. Kada ka kwatanta farashin bokiti da bokiti, kwatanta kuɗin da murabba'in mita ɗaya zai ci a kaurin da ake so. Ka ƙara kamar kashi 10 na abin da zai salwanta, ka ƙara kuma in kwanon mai tudu da kwari ne ko filastar mai kaushi ce.

Ka nemi wannan takardar bayani kafin ka biya. Mai sayarwa da ya kasa kawo ta, ko bokitin da babu ranar haɗawa da ranar lalacewa a jikinsa, bar shi a inda ka gan shi. Kuma firaima da shafen sama su fito daga gida ɗaya, domin in matsala ta taso kada kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa.

Mataki na shida: gwada kafin ka saya da yawa

Sayi ƙaramin gwangwani. Wanke wani ɗan wuri, shafa, ka nutsa ɗan yankin ƙyallen foliyesta a cikin ɗanyen fentin ka bar bakinsa a waje, ka ƙara shafawa a sama. Bayan ya bushe sosai, kamar mako guda, ka ja ƙyallen. In ya yi gardama, ya fito ya bar fenti manne a jikin rufin, kamun ya yi. In ya ɗago gaba ɗaya ya bar wurin tas, akwai matsala, ko ta wanki, ko ta firaima, ko kayan ba na wurin ba ne. Mako ɗayan nan ya fi maka asarar bokiti goma.

Mataki na bakwai: shiri da shafawa

Mafi yawan kwanakin aikin a shiri za su tafi, kuma haka ya kamata. A wanke ƙura, maiƙo da gansakuka. A kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito, a sa firaima mai hana tsatsa a ranar, kada a kwana. Kwanon da tsatsa ta huda, canza shi za a yi. A ɗaure kusoshin da suka saki, a sauya waɗanda robar ƙarƙashin kansu ta mutu.

Hattara biyu. In rufin tsohon falle ne na siminti mai asbestos, wato wani zaren ma'adini da ake cakuɗawa da siminti, kada a goge shi, kada a huda, kada a wanke da injin ruwa mai ƙarfi, domin ƙurarsa na haddasa cutar huhu da sankara. Wannan aikin ƙwararru ne. Tsohon fentin mai kuma yana iya ƙunsar dalma, gogarsa a bushe guba ce, musamman ga yara.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Don haka kafin a taɓa filin rufin, a fara da mahaɗai. A cike tsagogi. A kusurwar da rufi ya haɗu da bango, a yi ɗan gangare da siminti domin kada shafen ya karye a lungu, a shimfiɗa ƙyallen ƙarfafawa a cikin ɗanyen fenti, a ɗaga shafen ya hau jikin bangon aƙalla santimita 15. Haka za a yi wa bututu da bakin indararo.

Sannan a zaɓi lokaci. Kada a shafa in hadari ya haɗu, kada a shafa da sassafe raɓa ba ta bushe ba, kada kuma a shafa a kan kwanon da ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, domin saman zai bushe ya rufe ɗanye a ciki. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce laimar iska ta kasance ƙasa da kashi 85, zafin fuskar kuma ya ɗara matakin saukar raɓa, wato sanyin da raɓa ke fara sauka a cikinsa, da aƙalla digiri 3. A yi shafe biyu, na biyu ya gitta na farko. In kamfanin yana da launi biyu, a yi na ƙasa da toka-toka, na sama da fari, duk inda aka tsallake zai nuna kansa. A jira lokacin da takarda ta ce tsakanin shafe da shafe.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne ruwa a bokiti. Tsarma fenti don ya yi auki shi ne hanya mafi sauri ta kashe duk lissafin da ka yi. Raba rufin gida-gida da alli, ka san lita nawa kowane gida zai ci, ka ƙirga bokitan da aka buɗe a gabanka. In an gama aiki kaya ya yi saura da yawa, ba riba ka ci ba, shafen ne bai kai ba. Mai hawa rufi kuma ya ɗaura igiyar tsaro, ya taka layin kusoshi inda katako yake, ba tsakiyar kwano ba.

Bayan an gama, ka rubuta sunan kayan, launinsa, lambar haɗinsa da ranar da aka shafa, ka ajiye tare da takardun gida, ka kuma adana ɗan abin da ya rage a rufe domin faci. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ka hau ka share ganye daga indararo, ka wanke farin rufin da ruwa da burushi mai laushi, ka duba mahaɗan nan da ka fara da su. Duk inda ka ga shafen ya fara gari ko ya yi siriri, a wanke a ƙara masa shafe ɗaya da irin kayan da ke rubuce a takardarka, tun bai kai ga sai an kankare ba.